Kifin da aka sallama

A shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, biza ta yi wuya a Guangzhou. Kullum ka sauko unguwar Xiaobei sai ka ji wane ya tattara ya koma gida. Cikin waɗanda abin ya shafa har da dattijon da muke haya tare, mutumin zangon Kumasi, wanda ya riƙe ni kamar ɗa tun ranar da na sauka garin ban san gabas ba. Baba nake ce masa.

Baba na da tsiya guda: bai taɓa yarda ni jikan masunta ba ne. Na ce masa a bakin kogin Wudil na tashi, ya ce a bakin kantin shadda dai. In muka zauna cin abinci sai ya ɗaga ƙayar kifi ya ce, "Masunci, ga sana'arka, a faranti." Da ranar tafiyarsa ta tsaya, na yi masa alkawari ba zai hau jirgi ba sai ya sha romon kifin da na kama da hannuna. Ba ni da wani abin da zan saka masa da shi, shi ya sa na ɗauki maganar da zafi.

Akwai wani Basine a unguwar Liwan da nake sayen ƙugiya da zaren koma a wurinsa ina aika wa mutanenmu. Lawban muke ce masa, wato maigida. In babu ciniki, zama yake yana ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya har ta koma kamar ƙwaro. Ya ce da wannan ƙudan ƙarya yake kama wani kifi mai ɗige-ɗige, ɗan ruwan sanyi, da ake zubawa a wani rafi can cikin duwatsun arewa. Na roƙe shi ya tafi da ni, ya yarda.

Sai sama ta ɓalle. Kwana da kwanaki ana tafka ruwa, bai ɗauke ba sai ana gobe Baba zai tafi. Da asuba muka kama hanya a motar Lawban. Muka tarar rafin ya cika ya batse, ya yi ja kamar kunun kanwa, yana janye rassan gora. Lawban ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Kalmar da suke korar mu da ita a kanti ce: babu.

Ni kuwa raina fari ƙal. A wurinmu irin wannan ruwan ake jira, don tarwada da ƙanshi take bin tana, ba ruwanta da gani. Na fara tonon gefen rafi ina neman tana, Lawban ya riƙe mini hannu. Da ɗan Turancinsa da nuni ya fahimtar da ni nan ba a sa abinci a ƙugiya. Na ce a raina, wannan wace irin rowa ce, kifin ma sai an yaudare shi da gashi!

Ya zaɓo mini ƙuda baƙi ƙirin mai ɗan nauyi, ya ce shi kifi ke iya hangowa a gurɓataccen ruwa. Wurgawar ce aiki. Sanda doguwa mai lanƙwasa, igiya sai ka kaɗa ta gaba da baya kamar mai korar tsuntsaye a gona. Na kama reshe, na kama hulata, sau ɗaya ma na kama rigar Lawban. Amma duk da haka daɗi nake ji. Rabona da in tsaya cikin ruwa har gwiwa, laka na shiga tsakanin yatsuna, tun kakana na da rai.

Bayan na yi azahar a kan wani falalen dutse, muka bar tsakiyar rafi muka koma gefe, bayan wani ƙaton dutse inda ruwa ya kwanta. A nan dai ni da Lawban bakinmu ya zo ɗaya: kifi ma ba ya son wahala. Na saki ƙudan ya nutse a hankali. Can sai na ji fizga har cikin kafaɗa. Na yi kabbara da ƙarfi, Lawban na ihu da yarensu, muka yi ta fama har ya tare kifin da 'yar ragarsa. Kifi kamar tsawon damtsena, da jan layi a gefe. Har na fara lissafin attaruhu da citta.

Lawban ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar a hankali, ya miƙo mini kifin na riƙe ya ɗauke mu hoto. Sannan ya karɓa, ya sunkuya, ya buɗe hannu. Kifin ya kaɗa wutsiya ya shige cikin jan ruwa.

Wallahi na kusa faɗawa bayansa. Ashe al'adar masu wannan fatsar ke nan, a kama a saki, kuma shi a ganinsa girmama ni ya yi. Ya dube ni yana murmushi, dole na ce "shiye-shiye", wato na gode, raina a ɓace. Ba mu ƙara samun ko fizga ba.

Na iso gida da la'asar sakaliya, laka har ƙugu. Baba na zaune kan akwatinsa, ya riga ya yanka albasa. Na zayyana masa komai. Ya kama hannuna ya shinshina, ƙarnin na nan. Ya yi dariya har da hawaye.

"Na yarda, masunci ne kai," ya ce. "Bar shi ya koma wurin iyalinsa. Ni da shi duk sallamar mu aka yi."

Muka zuba albasar a ƙwai muka ci da burodi. Da safe na raka shi filin jirgi, na dawo ɗakin ni kaɗai.