Kawu Lawali da Kifin da Bai Kwana Ba

Duk wanda ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kawu Lawali a unguwar Al-Shifa ta Riyad ya san tambayarsa. Da an ajiye kifi sai ya sunkuya ya leƙa idonsa ya ce, "Yaushe ya rasu?" Idan aka ce daga firji aka ciro shi, sai ya janye hannu. "Allah ya jiƙansa. Ni ba na cin gawa." Ya ja shinkafarsa gefe ya ci gaya.

Ƙanin mahaifiyata ne, Badamagare, direban wani Balarabe mai sayar da kayan gini. Sai da furfura ta fito masa ya fara ganin teku, ranar da aka aike shi Dammam da kaya. Ya tarar da mutane zaune a kan duwatsu suna fatsa. Ya tsaya kallo, shi ke nan, shi ne ya fara kamuwa. Daga nan duk Juma'ar da kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake wa aiki, ya bar masa mota, sai mu yi asubanci mu nufi gabas. Ni ne mai kula da gawayi.

Aikinsa a tsare yake, kuma a nan halinmu ya zo ɗaya. Da farko a hura wuta. Bayan ta kama sannan a jefa ƙugiya, domin a wurinsa kifi ba ya jiran wuta, wuta ce ke jiran kifi. In ya fito a farke shi, a tsoma shi cikin ruwan da ya fito, a matsa lemun tsami, a barbaɗa yajin da mahaifiyata ke aiko masa daga gida. Gishiri kuwa ko ƙwaya. Wata rana wani Ba'indiye da ke fatsa kusa da mu ya miƙo mana nasa cikin mutunci. Kawu ya dube ni.

"Habu, gaya masa. Wannan bawan Allah a cikin gishiri aka haife shi, a ciki ya girma, a ciki ya yi aure. Gishirin me kuma?"

Na ce, "Kawu, da wane yare zan faɗa masa wannan?"

Sai ya yago masa tsoka ya miƙa. Mutumin ya tauna, ya mayar da gishirinsa cikin jaka.

Babbar dokarsa ita ce ta jawo masa magana. Kifi ba ya barin bakin teku. Abin da muka kasa ci sai ya rabar a can. Saboda haka duk shekarun nan ko ƙaya bai taɓa shigowa da ita Riyad ba. Malam Sabo tela, Bakano, abokin wasansa, ya samu abin yi.

"Sarkin ruwa ya dawo! Ina kifin?"

"Yana cikina."

"Kai, Lawali! Garinku fa ruwan sha ma sai an bi layi. Yaushe ka san teku?"

Kawu ya nuna masa hoto a waya. Malam Sabo ya ce, "Kifin aro ne. Ni ma ina da hoto a jikin motar da ba tawa ba." Aka ce to ya biyo mu ya gani. Ya ce shi ba ya zuwa inda ƙasa ta ƙare.

Ana haka Malam Sabo ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya. A majalisa ya ce, "In na isa Kano zan ba da labari. Na bar wani Badamagare yana ƙone mai don ya je ya gaida ruwa." Aka kwashe da dariya. Kawu bai yi ba. Na ga abin ya taɓa shi, don mutum ne da bai yarda a ce ya yi ƙarya ko da wasa ba.

Juma'ar ƙarshe kafin tafiyar, ya saka babbar duro a mota. Allah ya ba shi hamur, wani ƙaton kifi mai faɗin baki. Bai farke shi ba. Ya cika duro da ruwan teku, ya sa shi a ciki, ya miƙo mini ludayi.

"Zauna a baya. Ka riƙa ɗiba kana zubawa, ya sha iska. In ya mutu, kai ka kashe shi."

Jama'a, Kawun da bai taɓa kunna esin mota saboda ɗan Adam ba, wai yana shan mai, ranar nan tun daga bakin teku ya ƙure shi! Na ce, "Kawu, ashe yana aiki?" Ya ce, "Baƙo gare mu." A wani shinge ɗan sanda ya leƙo duro, ya tambaya da Larabci mene ne wannan. Kawu ya ce fasinja ne. Ɗan sandan ya tambaya ko fasinjan yana da iƙama, wato takardar izinin zama, ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Muka iso dab da magariba, kafaɗata kamar ba tawa ba, kifi kuwa da ransa. Bayan salla mutane suka cika farfajiyar gidanmu. Aka hura wuta tukuna, bisa ƙa'ida. Wani ya ce a sa hannu a ciro shi mana. Kawu ya ce, "Wanda aka ɗebo da hannu ba kamu ba ne." Ya ɗauko kujera, ya sa jatan lande a ƙugiya, ya jefa cikin duro, ya zauna.

Kifi ya ƙi ci.

Malam Sabo ya ce, "Ka gani? Bai san ka ba!"

Kawu bai ko ɗaga kai ba. Gawayi ya fara zama toka, na ƙara wani. Gumi na bin wuyansa. Can sai zare ya miƙe. Ya fizgo, kifi ya yi sama yana fantsama wa Malam Sabo ruwa a riga. Wuri ya kaure da kabbara.

Aka gasa. Kan kifi na wanda ya kama ne, Kawu bai taɓa bar wa kowa ba, amma ranar nan ya ajiye shi gaban Malam Sabo. Malam Sabo ya ci, ya tsotse ƙashi ɗaya bayan ɗaya. Da ya wanke hannu ya ce, "Gishiri bai ji ba."

"To dawo da shi."

"Yana cikina."

Da Kawu ya rasu, Malam Sabo ya kira ni daga Kano. Ya ce duk layinsu ba wanda bai san labarin mutumin da ya kama kifin teku a tsakiyar hamada ba. Ya ce, "Wasu ba su yarda ba, Habu. Ba ni da hoto."

A wurin zaman makoki wani ɗalibin jami'a ya gaya mana cewa hantar kifi ce abincin farko na 'yan Aljanna. Ya Allah, ka sa Kawu Lawali cikin masu cin ta. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa. In kuwa ya sunkuya ya tambaya ko yau aka kama, ya Allah ka yi masa uzuri, halinsa ne.