Dutsen Wankan Inna

A shekarun da anasara ke shirin tattara komatsansu su bar mana ƙasa, ni matashin direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, a Gaya. Ina ɗaukar gyaɗa in ƙetare kogi da ita zuwa Faraku a ƙasar Dahome, inda hanyar jirgin ƙasa ta tsaya, in dawo da gishiri da yadi da siminti da duk abin da aka ɗora mini. Motar ba tawa ba ce, amma wanda ya ga yadda nake saukowa daga cikinta, hula a karkace, tabarau a goshi, sai ya rantse ni na ƙera ta. Lakwal, makarantar boko ke nan, ban taɓa shiga ba, allon ma ban yi nisa ba. Wannan rubutun da kuke gani na yaƙi da jahilci ne, na koye shi da furfura a gemu, don haka mai gyara wasiƙar nan ya yi haƙuri da ni. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki. In na zauna a ƙofar gida sai an yi dariya, wani lokaci ta kaina, mafi yawanci ta wani. A gidan daga ni sai matata da jaririyarmu, sai mahaifiyata, Inna, wadda ta baro garin Bana ta dawo wurina bayan rasuwar Baba.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma yaran yanzu sai an yi musu bayanin abin da wannan ke nufi. Tun da ta haife ni bakinta bai taɓa kama sunana ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta yaba mini, ba ta kawo mini kuka. In na dawo daga tafiya na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon kaji. In tana da magana da ni, matata take kira ta ce ta gaya wa mutumin nata kaza da kaza, ko da ina zaune kusa ina jin komai. Da ta taso daga Bana kayanta ba su fi ƙarfin jaki ɗaya ba, amma a ciki har da wani baƙin dutse mai faɗi, wanda Baba ya ɗauko mata daga bakin kogi tun tana amarya. A kansa take tsugunawa ta yi wanka, da gefensa take goge kaushi. Muka kafa mata shi a makewayin gidana, wanda ba komai ba ne illa katangar laka, da tsakuwa a ƙasa, da rariya mai fita waje. Ranar na tsokane ta, na ce wa matata ta tambayi Inna ko an ce mata duwatsun Gaya sun ƙare. Inna ta ce a gaya wa mutumin dutsen nan ya girme shi, ya durƙusa ya gaishe shi.

Fitinata ta faro ne daga Faraku, ranar da aka aike ni sauke wasu akwatuna a gidan wani anasara mai sayen gyaɗa. Hannuna ya yi baƙi da man mota, sai kukun gidan ya nuna mini wata ƙofa ya ce in shiga in wanke. Na buɗe na ja da baya, na zaci ɗakin uwargida na faɗa. Bango duk tangaran ne, fari da shuɗi, sai ƙyalli yake. Kuku ya yi mini dariya, ya ce karo ake kiran abin, kuma wurin nan na wanka ne kawai. Na tsaya ina kallon fuskata a jikin bango kamar baƙauye, wanda kuma shi ne ni. Wallahi ban dubi ƙasa ba. Har yau ban san abin da na taka a ɗakin nan ba, kuma da na duba da ƙila babu wannan wasiƙa.

Daga nan makewayin gidana ya fita raina. Na yi ta tari har damina ta wuce, sannan na shiga wani babban kanti a Faraku na ce a fito mini da karo. Na yi rabin yini ina zaɓe kamar mai zaɓen kayan lefe. Fari na ce na asibiti ne. Kore na ce ruwan kogi ya ishe ni gani. Na ɗaga wannan a rana, na shafa wancan a kumatu, har na tsaya kan wani shuɗi mai fararen furanni, wanda in ka haɗa huɗu sai furen ya cika. Mai kantin ya tambaye ni bango zan sa ko ƙasa. Na ce ƙasa, tunda katangar laka ba za ta riƙe shi ba. Sai ya jawo wani ja mai kaushi, marar ƙyalli, ya ce wannan ne na ƙasa, mai furen nan na bango ne. Na ce masa ban ƙetaro kogi don in sayi fasasshiyar tukunya ba, irin wannan matan garinmu ma suna gasawa. Na aje mai furen a ƙasa na hau da takalmina na buga ƙafa, a bushe, na ce ga shi ya ɗauke ni. Ya ɗaga kafaɗa ya sa aka ɗaure mini kayana cikin ciyawa.

Maginin da na kira bai taɓa ganin karo ba, ni ne malaminsa, ni da na gan shi sau ɗaya a bangon wani. Muka kwashe tsakuwa, muka zuba siminti, muka jera furanni sumul, ba gangare ko kaɗan, don na ce karkata za ta ɓata zanen. Da za a fitar da dutsen, matata ta zo ta ce Inna ta ce a bar mata shi ko a lungu. Na ce dutse a kan furannin nan kamar akuya ce a kan gadon amarya. Na sa aka gangara da shi ƙofar gida, na riƙa tokare ƙafar kamiyo da shi. Da aiki ya bushe kuma sai na yi abin da ko mahaukaci ba ya yi, na shiga kawo maza cikin gida kallon makewayi. Direbobi, dillalai, masunta, duk wanda ya gaishe ni sai na ce ya zo ya ga wani abu. Inna takan shige ɗaki ta saki asabari har su watse. Wasu har takalmi suke cirewa a bakin ƙofa. Wani taubashina, wanda bakinsa ya kusa kai nawa, ya tambaya ko a nan za a riƙa cin tuwon salla, ya laƙaba mini suna Kumandan Makewayi. Na ji daɗin sunan ƙwarai.

Ni na fara faɗuwa a wurin. Safiyar farko, ina zuba ruwa ina saɓa sabulun salo, sai ga ni zaune daɓas, ƙafafu a sama. Na tashi na duba ko wani ya ji, na yi shiru da bakina, na koyi dafa katanga. Matata ta shimfiɗa tsohon buhu, na hana, na ce yana rufe furen. Inna kuwa ta ƙaurace wa wurin. Ta sa aka kafa mata zana bayan rumbu, can take kai ƙwaryar ruwanta. Matata ta ce Inna ta ce a gaya mini aikin ya yi kyau, Allah ya sa albarka, ƙafarta ce dai ba ta saba ba. Iyakar abin da uwa za ta iya faɗa wa ɗan fari ke nan, kuma na fahimta sarai. Amma sai maganar ta fita. Taubashin nan nawa ya ce a gaban jama'a Kumandan ya gina fada, uwarsa na wanka da kaji. Aka yi dariya, wannan karo ta kaina, kuma ban iya haɗiye ta ba. Na shiga gida na tuge zanar nan da hannuna, na kai ta garken awaki. Na ce wa matata ta gaya wa Inna don ita na yi wahalar nan, kada ta sa gari ya zage ni. Daga ranar Inna ta koma kai ƙwaryar ruwanta makewayin.

Abin ya faru wata ranar da ban yi tafiya ba, bayan la'asar. Matata ta goya yarinya ta tafi gidan suna. Muna zaune da abokai a gindin katanga muna dara, kuma katangar nan ita ce bayan makewayin. Na ga ruwan sabulu ya ɗan fito ta rariya, sai muka ji ƙwarya ta fashe, da wani abu mai nauyi ya bugi ƙasa. Taubashina ya ce mene ne wannan. Na ce akuya ce ta shiga koyon rawar anasara. Aka yi dariya, muka ci gaba da dara. Ban ji kira ba, don babu kiran da aka yi. Inna ce a ciki, tana jin muryata ta bayan katanga, amma da wane suna za ta kira ni, kuma ga maza zaune, ita ba zane a jikinta.

Da rana ta faɗi na shiga ɗaukar buta. Na nufi makewayi, ina isa bakin ƙofa sai na ji gyaran murya, irin wanda kowa ke yi don a san da mutum a ciki. Muryar Inna ce, ƙasa-ƙasa. Na ja da baya, har na ce a raina tsohuwa ta fara jin daɗin wurin, ga shi ta daɗe. Na ɗebi ruwa a randa, na yi alwala a waje, na tafi masallaci. Uwata na kwance a kan furannina, ƙugu a karye, jikinta ya sandare da sanyi, ɗan ƙarfin da ya rage mata ta yi amfani da shi ta hana ni shigowa in gan ta haka. Matata ce ta same ta da ta dawo. Ta rufe ta da zane, ta kira mata maƙwabta suka ɗauke ta, sannan aka aiko mini. Matata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta dai tambaye ni ina nake tun la'asar, na ce ƙofar gida, ta dube ni ta shige ɗaki.

Na ɗauko wani mai ɗori daga Bengu, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ce ƙashin tsoho ba ya jin magana. Inna ba ta sake tsayawa da ƙafafunta ba. Masu zuwa dubiya suka cika gida, ni ina raɓe a zaure ina jira a fara nuna ni da baki. Sai na ji tana gaya musu wai a bakin rijiya santsi ya kwashe ta, tsufa ne, ba ta duba gabanta ba. Haka ta gaya wa kowa, har ƴan'uwanta na Bana. Matan da suka ɗauke ta sun san gaskiya, amma tunda ta faɗi haka suka bi ta. Na ɗauki guduma zan farfasa karon nan, matata ta tare ni ta ce Inna ta ce a gaya wa mutumin ya aje, in ya fasa gari zai gane. Na aje. Ni mai bakin da ba ya rufuwa, na bar ƙaryar da ta yi don ta rufa mini asiri ta zauna, na ci gaba da amsa sunan Kumandan, ina wanka kullum a wurin da ta kwanta.

Dutsen na ciro shi daga ƙarƙashin kamiyo, na wanke masa man mota da toka, na kai bakin gadonta. A kansa matata ke ɗora mata ƙafa in za ta yi mata wanka. Ta yi shekaru a haka. Da ciwonta na ƙarshe ya yi tsanani na durƙusa na ce ta yafe mini, na faɗi komai, har maganar akuya. Ta juya fuska bango. Can ta kira matata, ta ce ta gaya wa mutumin nata babu komai, furannin suna da kyau.

Yanzu karo ya cika kasuwar Gaya, kowa na gyaran gida, ƴaƴana ma bana suka ce za su gyara nawa. Da suka kawo samfuri na sa aka aje a tsakar gida, na zuba ruwa, na goga sabulu, na cire takalmi na hau ɗaya bayan ɗaya ina dafe da sanda, suna dariya wai tsoho ya fara ruɗewa. Mai kaushin na zaɓa, marar kyan nan. Shi ya sa na rubuto muku. Wanda zai gyara wurin wanka, ya bar mai ƙyalli a bango, ya gwada na ƙasa a jiƙe da ƙafa tsirara, ya bar wa ruwa gangare, ya kafa abin dafawa. Kada ya yi don baƙi, baƙo leƙawa zai yi ya tafi. In akwai tsoho a gidan ya tambaye shi, in kuma amsar ta zo a kaikaice, ko ta bakin wani, to ita ce amsar, kada ya jira wata. Ni an ba ni tawa na ji ta da kunnena, na tuge zana saboda dariyar majalisa. Dutsen yana nan ɗakina. Har gobe in na ji gyaran murya daga makewayi, ba na tafiya, sai na tsaya nesa na tambaya ko lafiya.