Matakalar da Na Sara a Jikin Dutse

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. In ka tsaya a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, shinkafa da tumatir za ka gani har idonka ya gaji. Duwatsu sai ka nufi wajen Rano suke fara yawa. Amma akwai guda a bayan gonata, baƙi wuluk, ya fi ɗakin soro tsayi. Ni manomi ne, sai dai in ruwan kanal ya ja baya nakan fasa ƙananan duwatsu in sayar wa magina. Ina da guduma da cizal, ƙarfen sarar dutse, na kuma iya riƙe su.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauye, wata Lahadi wani mutum ya tsaya a gonata a kan babur, da guntuwar katifa ɗaure a baya. Mutumin Jos ne, Kirista, yana gyaran injinan casar shinkafa, a Kano yake zaune. Injiniya muke ce masa.

"Malam, sannu da aiki. Dutsen nan na waye?"

"Na Allah ne. Gonar ce tawa."

"Zan iya hawa?"

"Zagaya ta baya, akwai hanya. Awaki ma ta nan suke bi."

Ya yi dariya, ya nuna gaban dutsen, inda yake a miƙe kamar bango. "Ta nan nake so."

Ya ce a cikin duwatsu ya girma, tun da ya zo Kano yake neman irinsu. Ya je Dala, ya je Goron Dutse, mutane sun yi yawa, dutsen kuma yana marmashewa a hannu. Ya yi ta tambayar direbobi a Garun Malam har wani ya kwatanta masa nan.

Ya shimfiɗa katifar a gindin dutsen, ya sa wani matsattsen takalmin roba, ya shafa farar hoda a hannu, ya kama. Ya yi sama kamar ƙadangare. Da ya wuce rabi sai ya iso wani wuri sumul, babu abin kamawa. Ya miƙa hannu, ya faɗo tim a kan katifa. Ya tashi ya koma. Ya sake faɗowa.

Haka muka yi ta yi, duk Lahadi in ya fito daga coci. Maƙwabcina mai gonar albasa, wanda bakinsa ba ya shiru, yakan jingina da fartanya ya ce, "Injiniya, wai me ka ajiye a saman nan? In zuma ce faɗa mana mu kawo tsani."

"Kai dai ji da albasarka, Alhaji."

"Albasata ba ta taɓa kayar da ni ba!"

Ni ba na dariya sosai. Ina ganin yatsun Injiniya, duk sun tsage, wani lokaci har da jini. Kuma mutumin kirki ne. Injin ban-ruwana ya taɓa mutuwa tumatir na tsaka da fure, ya cire takalmin nan ya zauna a cikin taɓo ya gyara, ya ce in na yi maganar lada ba zai ƙara gaishe ni ba. Mutum irin wannan yana faɗuwa a bayan gonarka wata da watanni, kai kana da guduma a ɗaka. A wurinmu wannan abin kunya ne.

Wata Lahadi ya faɗo, ya tashi yana murna kamar an yi masa haihuwa. "Malam, ka gani? Yau yatsana ya taɓa bakin. Saura kaɗan!"

Ni abin da na ji kawai, mutumin nan yana son ya kai sama.

Na ari tsani. Duk la'asar in na tashi daga gona sai in hau in yi ta sara, maƙwabcin nawa yana riƙe mini ƙafar tsanin. Dutsen akwai tauri, hannuna ya yi kanta, ɓarɓashi ya shiga mini ido. Na sara ramuka masu kyau, na ƙafa da na hannu, tun daga ƙasa har sama. A wurin nan mai sumul na fi zurfafawa.

Ran Lahadi na bar aikina na je na tsaya, hannuwana a baya. Injiniya ya iso, ya sauke katifa, ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo. Ya matsa ya sa hannu a rami ɗaya, tafinsa ya shige gaba ɗaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne. Daga yau ka daina faɗuwa."

Ya dubi hannuwana, ya ga kantar. Ya ce, "Malam, ka sha aiki."

Ya sa takalmin, bai shafa hodar ba. Ya hau kamar mai hawa bene, ya ɗan zauna a sama, ya sauko ta hanyar awaki. Maƙwabcina yana tafi yana cewa, "Alhamdu lillahi, yau dai an kai!" Ni kuwa na ga fuskar Injiniya, babu murna a cikinta.

Na bi shi wajen babur. "Injiniya, na yi ɓarna ne?"

Ya ci gaba da ɗaure katifa. "Saman ai tun ranar farko zan iya zuwa. Wurin da nake faɗowar nan, don shi nake barin Kano. Ina so in ci shi da hannuna."

"To in kawo siminti in cike."

Ya girgiza kai. "Ba zai koma yadda yake ba."

Na ce akwai wani dutsen a hanyar Rano, ya fi wannan tsayi, zan raka shi mako mai zuwa. Na rantse ba zan taɓa shi ba.

Ya tayar da babur. "Kada ka wahalar da kanka, Malam. Kwatanta mini kawai."

Na kwatanta masa. Ya gode, ya hau bakin kanal ya tafi. Lahadin da ta biyo na yi wanka da wuri, na sa riga mai kyau, na zauna a bakin hanya ko zai biyo ya ɗauke ni. Bai biyo ba.