Mai Ɗiban Fuska

A Gangara, idan an gama girbi, kakarmu Tabawa takan hura wutar karan gero a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i, mu jikokinta mu zagaye ta muna gasa gyaɗa. Yawancin tatsuniyoyinta na ban dariya ne. Amma akwai guda da ba ta fito da ita sai ta ga mun ƙoshi mun fara iya shege. "Ku matso, ga ta nan tafe," in ji ta. "Wannan ba ta son mai gyangyaɗi."

Wai a wata shekarar yunwa wani baƙo ya shigo gari da ƙwarya cike da ruwa. Bai roƙi kowa komai ba. So yake kawai yaro ya leƙa cikin ruwan, ya ba shi dunƙulen fura, ya rufe ƙwaryar da faifai ya wuce. Ba ya son yaro mai kumatu, sai wanda ido ya faɗa. Damina ta dawo, gero ya nuna, yaran suka murmure suka girma. Amma fuskar da suka bari a ƙwarya ba ta girma, ba ta ƙoshi, baƙon kuwa yana yawo da ita kasuwa-kasuwa yana buɗewa. Wata rana ɗayansu, ya zama magidanci har da raƙuminsa, ya je wani gari mai nisa ya faɗi sunansa. Aka ce, "Ƙarya kake. Mun san mai wannan suna, ga shi can cikin ƙwarya yana kuka."

"Kaka, maye ne?" in ji ƙanwata.

"Maye ɗan gari ne, ya san kowace ƙofa. Wannan baƙo ne. Ku dai tambayi wanda ya nuna masa gidajen."

Daga nan sai ta ci gaba da tura kara cikin wuta. Ba ta taɓa rufe wannan tatsuniya da ƙurunƙus ba.

Kaka ta daɗe a ƙasa shekarar da fara ta cinye mana gero. Mota ta kawo wani Nasara mai ɗaukar hoton yara, an ce ya zaga ƙasashe da yawa. Da yake na ɗan taɓa lakol, wato makarantar boko, aka sa ni tafinta. Mutumin kirki ne, na ga yana share hawaye. Ya ce idan duniya ta ga yaran abinci zai zo, kuma ya zo, ba zan ɓoye ba.

Na kai shi wurin Hajjo, wata Bafillatana da shanunsu suka ƙare, ɗanta Bello yana kwance. Da ta ji hoto ne, ta wanke shi, ta sa masa kwalli, ta ciro shuɗiyar rigarsa ta salla. A wurinmu ba a tsayawa gaban mai hoto da tsumma. Nasaran ya ce rigar ta rufe haƙarƙarin, na faɗa mata.

"Malam Idi," in ji ta, "tsirara za a kai mini shi garin mutane?"

Na ce taimako ne. Ta ƙi taɓa rigar. Ni na durƙusa na cire, ni na ba da sunan yaron.

Bello ya rayu. Kabu-kabu yake yi a Gazawa, yana da iyali. Kwanan baya ya tsayar da babur a ƙofar gidana, ya gaishe ni, ya miƙo mini waya. Ga hoton yaron nan a ciki, kwalli a ido, ƙashi a waje, da sunansa da sunan garinmu a ƙasa. Abokansa na tasha suka tono shi, har sun fara kiransa Ɗan Yunwa.

Ya ce, "Baba, 'yata ta gani. Ta ce me ya sa ba ni da riga. Inna kuwa har ta rasu tana cewa shuɗiya ta sa mini. Wa ya cire?"

Duk ƙuruciyata baƙon nake tsoro. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa tatsuniyar tana da mutum na biyu, ɗan gari, wanda ke gaba yana sallama a ƙofofi.

Na ce, "Ni ne."

Bai yi faɗa ba. Ya mai da wayar aljihu, ya ce, "To, a ina ake karɓo shi?"

A zamanin Kaka ƙwaryar ɗaya ce, yanzu kuwa kowace waya ƙwarya ce.