Gaskit ɗin Labaran Direba

Labaran Inuwa direba ne a tashar Wudil. Yana da tsohuwar mota ja da yake jigilar fasinja da ita zuwa Utai da Indabo, ranar Juma'a kuwa har akuya takan samu kujera. A Sabon Gari yake zaune da matarsa Mairo, 'yar Malam Yahuza na Utai. Mutum ne mai kunya, ko sunan surukinsa ba ya iya faɗa.

An fi sanin motar da ƙararta. Da safe in ya tayar da ita sai ta kama fat-fat-fat kamar ana bugun shinkafa, in injin ya yi zafi ta ɗan sassauta. Ɗayyabu bakanike, abokinsa tun suna yara, ya sha buɗe masa bonet yana nuna masa baƙin hayaƙin da ya taru a gefen injin. Ya ce gaskit ɗin manifol ne ya ƙone, wato ɗan faifan da ke toshe tsakanin injin da ƙarfen da ke kwashe hayaƙi zuwa salansa. Ya ce in an ji wannan ƙara, an ga baƙi, mota ta fara shan mai kamar raƙumi, to lokacin canji ya yi. Kullum Labaran sai ya ce sai wani satin.

Ba rowa ba ce. Ƙarar tana yi masa aiki. Gidan Malam Yahuza a bakin hanya yake, kuma tsohon yakan wuni a ƙofar gida. Da ya jiyo fat-fat daga nesa sai ya naɗe tabarma ya shige ciki. Labaran ya wuce da fasinjansa, ko ya ajiye saƙo a zaure ya yi gaba. Ba wanda ya taɓa tsara haka, ba wanda ya taɓa maganarsa. Shekara da shekaru suna ganin girman juna, sai da Salla suke gaisawa, kowa ya shirya.

Abin ya canza ne da hayaƙi ya fara shiga cikin motar. Fasinja suka riƙa sauka da ciwon kai. Wata Bafillatana ta ce nononta ya koma warin salansa. Mairo ta ce ita da jaririnta sun daina shiga. Da ya je wajen Ɗayyabu a liƙe masa da gwangwanin madara kamar yadda aka saba, sai Ɗayyabu ya ƙi.

"Kai, direban marasa gaggawa," in ji Ɗayyabu, "hayaƙin nan barci yake sa mutum. So kake ka yi gyangyaɗi a kan gadar Wudil da 'ya'yan mutane?"

Labaran ya rage murya ya gaya masa maganar surukinsa. Ɗayyabu ya yi dariya har sai da ya zauna a kan taya, sannan ya ɗauko sifana. Ya kankare wurin, ya sa sabon gaskit, ya ɗaure. Motar ta tashi shiru kamar ba ita ba.

Washegari da hantsi Labaran ya nufi Utai. Daɗin shirun ya ɗauke masa hankali, ya sayi rake yana sha, gilashi a sauke. Bai tuna komai ba sai da ya taka birki a ƙofar gidan surukinsa zai ajiye saƙo.

Malam Yahuza yana zaune a tabarma, ba riga ba hula, wanzami ya jera masa ƙaho a baya. Ba damar tashi, ba damar sa riga. Labaran kuma bakinsa cike da rake, ga shi ba a tauna a gaban suruki, ba a tofarwa. Ya fito ya durƙusa, ya kafa ido a kan tayar motarsa. Tsohon ya kafa nasa a kan katanga. Aka yi gaisuwa cikakkiya, aka tambayi gida da iyali da gona da gajiya, Labaran yana amsa duka da "uhm". Fasinja suna kallo ta taga. Wanzamin ne kaɗai ya ci gaba da aikinsa.

A ƙarshe tsohon ya ce wa katangar, "Ashe an gyara mota."

Labaran ya haɗiye abin da ba a haɗiyewa, ya ce, "An gyara, Baba."

A ranar ya koma gareji ya roƙi a mayar masa da tsohon gaskit. Ɗayyabu ya ce ai ya farfashe tun wajen cirewa, kuma ko da yana nan ba zai mayar ba. Labaran ya koma bin wata hanyar gona mai yashi don ya kauce wa gidan, fasinja suna turi suna mita.

Mairo ce ta kawo maganin. Ta je gida ta dawo da saƙo daga bakin mahaifiyarta: wai Malam ya ce Allah ya sanya albarka a gyaran, amma ai mota tana da hon. Na Labaran kuwa ya daɗe da mutuwa, don bai taɓa bukatarsa ba. Ɗayyabu ya laluba cikin tarkacensa, bai samu komai ba sai na tirela, ya ɗaura masa.

Yanzu in Labaran ya doso Utai, tun daga bakin gari yake dannawa. Kaji su watse, masu keke su faɗa gona, wasu su fito su ga wace tirela ce ta ɓato hanya. Kafin ya iso, ƙofar gidan Malam Yahuza ba kowa.