Ramlat da Masu Goge

Ramlat ba ta sauraron goge. Ko a tasi aka kunna, sai ta ce a sauke ta. Abokan aikinta a kantin magani na unguwar Abu Hail a Dubai sun ɗauka ustazanci ne. Ina! Tsoro ne zalla.

Uwarta, Inna Sa'adiya, 'yar bori ce. Ramlat ta tashi tana ganin yadda mai goge zai fara ja, idon Inna ya juye, ta faɗi, ta miƙe da wata murya wadda ba ta san 'yarta ba. Dangi kuwa bakinsu ba ya gajiya: gado ne, ranar da Inna ta kwanta dama, kanki iskokin za su dawo. Shi ya sa ta yi karatu kamar ana korar ta, ta gudo Dubai, inda ba mai goge. Tana nan Inna ta rasu, ko gawar ba ta gani ba.

A 2019 mai kantin, wata Balarabiya, ta gayyace ta babban ɗakin kiɗa, 'yarta za ta kaɗa fiyano.

"Yalla, habibti, kada ki ba ni kunya," in ji matar.

Fiyano ai ba komai. Sai da Ramlat ta zauna a tsakiyar layi, ba hanyar fita, sannan makaɗa suka fito cikin baƙaƙen kaya, kowa da gogensa na Turawa, ƙanana a kafaɗa, manya tsakanin gwiwoyi. Ta hango kanta tana birgima a gaban uwar ɗakinta, aiki ya tafi, biza ta bi shi. Ta ƙanƙame kujera tana karanta Ayatul Kursiyyu.

Fiyano ya fara, gogunan suka amsa gaba ɗaya. Can sai duk suka yi tsit, guda ɗaya ya rage yana kuka siriri. Tsigar jikinta ta tashi. Wallahi sai ta ji ƙamshin turaren zanen Inna. Ta saki kujerar, ta rufe ido, ta ce a ranta: to, ku zo.

Ta jira har aka yi tafi. Ba wanda ya zo.

A bakin ƙofa Balarabiyar ta ga hawayenta, ta rungume ta. "Kin ji daɗi ke nan!"

Ramlat ta gyaɗa kai kawai. Duk rayuwarta tana gudun abin da Inna za ta bar mata, ashe Inna ba ta bar mata komai ba.