Jikan Gansakuka

Shekarun da ake ta maganar Nasara za su tafi, muna Tirmini. In sanyi ya shigo, Kaka takan hura karan dawa a bakin ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira "angona marowaci", don ban taɓa rage mata gyaɗa ba.

A lokacin Baba ya ce zai bar noma ya bi kamiyon, babbar motar da ke ɗaukar gyaɗa daga Damagaram zuwa Kano, amma ba zai tafi ba sai da yardarta. Shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana fuska da fuska. Kowa a gidan yana jira.

Wata rana da maraice Baba yana tsaye a bakin zaure, sai Kaka ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ku matso, ga ta nan da ɗuminta. Ran da aka raba wa tsirrai iri, gero ya karɓa, dawa ta karɓa. Gansakuka, korayen nan na gindin randa, tafiyarta ja da ciki, ta iske ƙwarya wayam. Ta yi ta kuka. Aka ce mata: ba fure, ba iri, aurenki ma sai ruwa ya ɗauke miki ango ya kawo."

"Ta haihu, Kaka?"

"Ta haihu, marowaci. Ɗa siriri kamar gashi, da 'yar hula, tsaye a kanta yana shan abincinta. Ko kaɗan bai yi kama da ita ba. Ran da ya nuna, hular ta faɗi, gari ya fito, iska ta kwashe. Ta ce shi ke nan, gidana ya mutu. Da damina ta zo, sai ga kore a kan kowane dutse mai laima, kamarta sak. Jikoki."

Ta tura kara cikin wuta. "Wanda iska ke kira, a bar shi ya je."

Baba ya durƙusa daga can nesa. Da safe ya tafi.

Ni na riƙe gonar har furfura. Ɗana kuwa lakwal ya yi, wato boko, yana koyarwa a birni, shi ne ma ya saka ni ajin karatun manya. Da zai tafi, ni ma bakina ya yi nauyi, kuma ba ni da tatsuniya. Na ɗauki akwatinsa na kai masa tasha da kaina.